Kiwo a Gida: Ɗumama 'Yan Tsaki

Idan za ki sayo 'yan tsakin gidan gona 'yan kwana ɗaya, to ke ce uwarsu, domin ba sa iya ɗumama jikinsu sai gashi ya rufe su. Sanyin dare ɗaya da hunturu ya isa ya cinye miki jari.

Ki shirya wurin tun ana gobe za su iso. Ki kewaye shi da kwali kamar bakin rijiya, kada ki bar lungu, don a nan suke cunkushewa su danne juna. Ki shimfiɗa busasshen ɓuntun shinkafa, ki rataya ƙwan lantarki mai zafi a tsakiya. Da yake wutarmu ba abar dogaro ba ce, ki tanadi kurfoti. Ki hura gawayin a waje sai ya yi jajur, ki kange shi, ki bar kafar shigar iska, kuma ki sa ido a kan yara.

A makon farko suna son zafi digiri 32 zuwa 35, sai ki riƙa rage kamar digiri 3 duk mako. Ba ki da ma'auni? Su za su gaya miki. In sun dunƙule kusa da wuta suna tsuwa, sanyi ne. In sun gudu gefe suna haki, zafi ya yi yawa. In sun bazu suna ta caccakar abinci, kin dace.

Da isowarsu ki fara ba su ruwa kafin abinci, ki zuba tsakuwa a mazubin kada su nitse. Ki tambayi likitan dabbobi ranakun rigakafin Gumboro da Lasota.