Kafso Ba Dusa Ba Ne

Jama'ar unguwa, Babbar Sallah ta matso, kusan kowane gida an turke rago. Sai dai wata ɗabi'a ta shigo mana: a fasa kafso a zuba a dusa, wai rago ya yi saurin ƙiba. Wasu har takin Yuriya suke jiƙawa su ba shi. Wallahi wannan ganganci ne.

Rago ba da ƙarfinsa yake narkar da harawa ba. Allah Ya zuba masa ƙananan halittu a tumbi, waɗanda ido ba ya gani. Su ke sarrafa ciyawa ta zama abin da ke gina jiki, su kansu kuma in sun wuce hanji su zame masa abinci. Kafso kuwa aikinsa kashe ƙwayoyin cuta ne, kuma a tumbi ba ya tambayar wane ne mugu, wane ne ɗan gida. Kun kori leburori, sannan kuna jiran gini ya tashi? Shi ya sa sai ku ga rago ya daina tuƙa, ya ƙi ci, ga zawo.

Yuriya kuma, masana suna sa ɗan kaɗan a gauraye da abinci, halittun nan su mai da shi abin gina jiki. In ya yi yawa, ko aka ba shi a ruwa, guba ne mai kashewa nan take. Haka hatsi: a cika wa rago masara rana ɗaya, tumbi ya yi tsami, ciki ya kumbura.

Masu cewa ai Turawa ma suna yi, to Tarayyar Turai ta hana sa irin wannan magani a abincin dabba don ƙiba tun 2006, saboda ƙwayoyin cuta suna sabawa da shi, ran da yaro ya kwanta ya ƙi yi masa aiki.

Mu 'yan kasuwa ne, mun san daɗin riba. Amma kai rago tike da magani a jikinsa ba a faɗa wa mai saye ba, algus ne. Mara lafiya a fili kuma ba ya layya.

Ga harawa, ga kowa, ga anguryar da Gombe ta saba da ita, ga 'yar kanwa mai rage tsamin tumbi. A ƙara dusa sannu a hankali cikin mako biyu zuwa uku. In rago ya kamu da ciwo, a kira likitan dabbobi, a tambaye shi kwana nawa za a jira kafin yanka. Allah Ya karɓi layyarmu.