Abin da ya sa manoman hatsi ke komawa ga takin gargajiya

Manomin da ya daina sayen takin zamani da maganin feshi ya koma ga kashin dabbobi da toka, wasu na ganin talauci ne kawai ya kai shi. A ganina lissafi ya yi, kuma lissafin ya dace.

Na farko kuɗi. Tun da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022 farashin taki ya tashi a duniya, sannan faɗuwar darajar naira daga 2023 ta ƙara tsananta lamarin. Mai gona kadada ɗaya da ya ci bashin taki, idan damina ta yi gardama, bashin na nan ko da rumbu babu komai.

Na biyu ƙasar noman kanta. Takin zamani yana ciyar da shukar bana ne, shi kuwa takin gargajiya yana sa ƙasa ta riƙe danshi, kuma wuta-wuta ba ta cika yin ƙarfi a gonar da ta ƙoshi ba. Ƙauyukan kewayen Kano sun daɗe suna noma gona ɗaya kowace shekara da taimakon takin da ake ɗaukowa daga birni a kan jakuna. A Damagaram da Maraɗi manoma na barin gawo a gona, domin yana zubar da ganyensa da damina, gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa.

Na uku lafiya da kasuwa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Alhali buhun PICS mai ninki uku yana kashe ƙwari ba tare da fiya-fiya ba.

Sai dai wannan noma yana cin ƙarfi, kuma amfanin gona kan ragu a shekarun farko. Sri Lanka ta haramta shigo da takin zamani lokaci guda a 2021, noman shinkafa ya faɗi, dole gwamnati ta janye dokar cikin shekarar.

Don haka kada a tilasta wa kowa. Jihohinmu su ware wani kaso na kuɗin tallafin taki su koya wa manoma haɗa taki daga shara da kashin dabbobi, su kuma sasanta manoma da makiyaya don shanu su riƙa kwana a gonaki bayan girbi kamar da.