Dokar aikin yara: abin da ya faru a Ingila, da abin da ya rage mana a Nijar



Duk ranar 1 ga watan Mayu ƙungiyoyin ƙwadago kan fito jerin gwano a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, su miƙa wa hukuma takardar koke-kokensu. Haƙƙinsu ne. To amma akwai ma'aikacin da ba ya cikin wannan layi: yaron da ke jan buhun ƙasa a bakin ramin zinari, da yarinyar da ke aikatau a gidan wani tun asuba har dare. Saboda su ne muka ce bari yau mu waiwayi inda dokokin aiki suka samo asali, don mu ga me ya sa wasu suka yi tasiri, wasu kuma suka mutu a kan takarda.

Labarin ya faro ne daga Ingila, lokacin da masaƙun auduga masu aiki da inji suka cika garuruwa irin su Manchesta. Masu masaƙa sun fi son yara, don kuɗinsu kaɗan ne, kuma jikinsu ƙarami. Yaro ɗan shekara bakwai ko takwas zai rarrafa ƙarƙashin inji yana tsince auduga, injin kuma na gudu a bisa kansa. Wasu sun rasa yatsu, wasu hannu, wasu ransu.

A 1802 majalisar dokoki ta yi dokar farko, ta ce marayu da ƴaƴan matalauta da aka kai koyon aiki a masaƙa kada su wuce awa 12 a yini. Ku ji fa, awa 12 shi ne sauƙin! A 1819 aka hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 9 ba a masaƙar auduga. Dokokin nan biyu kusan ba su canza komai ba. Dalili kuwa, an bar tsaronsu a hannun alƙalan yanki, waɗanda da yawansu abokan cin abincin masu masaƙar ne. An ba kura ajiyar nama.

Sai a 1833 abin ya fara motsi. Dokar wannan shekara ta ce ɗan shekara 9 zuwa 13 ba zai wuce awa 48 a mako ba, kuma sai ya yi karatun awa biyu kowace rana. Abin da ya bambanta ta da na baya shi ne gwamnati ta naɗa sufetoci masu albashi, da ikon shiga masaƙa su duba, su kai ƙara. Mutum huɗu ne kacal ga ƙasar baki ɗaya, amma daga ranar mai masaƙa ya san wani na iya faɗo masa.

Sufetocin suka ci karo da wata matsala da mu ma mun san ta: ta yaya za a san shekarun yaro? Uba na son kuɗin, mai masaƙa na son yaron, kowa sai ya rantse ya kai. Likita ne ke duban jikinsa ya yi kintace. Rajistar haihuwa ta gwamnati da aka fara a 1837 ita ta rage wannan ƙarya a hankali. Daga nan dokoki suka biyo juna: 1842 aka hana mata da yara maza ƴan ƙasa da shekara 10 shiga ramin kwal, 1847 aka ƙayyade wa mata da matasa awa 10 a masaƙu, 1867 doka ta kai ga ƙananan wuraren sana'a, 1880 makaranta ta zama dole.

Kada mu ɗauka an yi shiru an karɓa. Wani masanin tattalin arziki, Nassau Senior, ya rubuta a 1837 cewa duk ribar masaƙa a awar ƙarshe take, in aka cire ta sai ribar ta tafi. An rage awannin, masaƙun Ingila kuma suka ci gaba da bunƙasa.

Faransa ma hanyar ta bi. Dokarta ta 1841 ta hana aikin yara ƴan ƙasa da shekara 8 a manyan masana'antu, amma masu dubawar ƴan sa-kai ne marasa albashi, sai dokar ta kwanta. A 1874 aka naɗa sufetoci na gaske, a 1882 aka wajabta lakwal. Mu kuwa da muke ƙarƙashin mulkinta, kakanninmu suna cikin aikin dole har 1946, kuma sai a 1952, bayan yajin aikin ma'aikatan Afirka ta Yamma, aka yi wa yankunan mulkin mallaka kundin dokar aiki.

To yau fa? A kan takarda, Nijar ba ta da abin kunya. Kundin dokar aiki na 2012 ya hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 aiki, kuma ƙasarmu ta amince da yarjejeniyoyin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 138 da 182, waɗanda suka hana sa ɗan ƙasa da shekara 18 aiki mai haɗari. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, yawancin yaranmu ba a kamfani suke aiki ba. Suna ramukan zinari irin na Komabangu da Ɗan Isa, suna tasha, suna talla, suna cikin gidajenmu. Can sufeto ba ya zuwa. Ta wannan fuskar muna kusa da Ingilar 1819.

Mun san abin da wasu za su ce: talauci ne, kuma aiki horo ne. Ba mu musa ba. Yaron da ke bin mahaifinsa gona da damina, ko yake koyon ɗinki bayan an tashi lakwal, ba shi muke nufi ba, mu ma haka muka taso. Ma'aunin guda uku ne: awa nawa yake yi, aikin na iya naƙasa shi, kuma ya raba shi da karatu? Iyayen Manchesta ma talakawa ne, kuma da an jira talauci ya ƙare kafin a yi doka, da har yau ana jira.

Don haka roƙonmu ga hukuma shi ne a ƙara sufetocin aiki, a ba su abin hawa da mai, su kai har inda ake haƙar zinari. Magadan gari su sauƙaƙa takardar haihuwa, don yaron da ba shi da ita ba wanda zai iya tabbatar da shekarunsa. Sarakuna da malamai su sa baki, don maganarsu ta fi ta sufeto isa ƙauye.

Mu kuma da ke karanta wannan a waya, da yawanmu akwai ƴar aiki a gida. Mu tambayi kanmu shekarunta nawa, ƙarfe nawa take tashi, ƙarfe nawa take kwanciya. In lissafin ya wuce awa 12, to mun yi abin da aka hana masu masaƙar Ingila tun 1802.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu ikon riƙe amanar ƴaƴan mutane. Muna jiran ra'ayoyinku.