Tsohuwar Motar Dizal: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Jama'a, akwai wata shawara da duk mai tsohuwar motar gas, wato dizal, ya gaji da jin ta a majalisa da ofis: "Malam, ka sai da wagga mota ka huta." Cikin tausayi ake faɗin ta, kamar an zo gaida mara lafiya. In ka ce to na sayar, in sayi me? Sai a shiga kame-kame. Yau ina so in ba masu wannan shawara amsa gaba ɗaya, in huta da maimaitawa.

Tawa Peugeot 406 ce mai injin HDi, ta haura shekara 20. Ita ke kai ni aiki, ita ke kai ni Gusau in an kira taro, ita ke kai tsohuwa asibiti Sakkwato, kuma in haihuwa ta zo da gardama cikin dare a unguwarmu nan Morai, ƙofata ake bugawa. Na yarda tana cin kuɗi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗora wa tsufanta laifin. Akasarin abin da muke zubarwa a gareji kuɗin sakacin wasu ne muke biya, kuma ba mai ba mu rasit.

Injin dizal ba shi da fulogin tartsatsi irin na fetur. Iska yake matsewa har ta yi zafin da mai zai kama da kansa, shi ya sa ake ƙera shi da kauri da nauyi, shi ya sa kuma yake daɗewa. A garin Tasalonika na ƙasar Girka an yi wani direban tasi da ya yi kilomita miliyan 4.6 da Mercedes 240D ɗinsa, har kamfanin ya karɓe ta a 2004 ya ajiye a gidan tarihinsa. An sha yi mata aikin inji, ba shakka, amma dai tafiyar da ta yi ta fi zagaya duniya sau 100. Mu kuwa nan, mota na zuwa daga Turai lafiya lau, shekara biyu uku ta soma hayaƙi kamar an kunna yayi. Me ya same ta a hannunmu?

Na farko man da muke ɗura mata. A injin irin nawa, famfo na tura mai zuwa nozul da ƙarfin da ya ninka iskar da ke cikin taya fiye da sau 500, ta ƙofofi 'yan mitsi-mitsi. Kuma man da kansa shi ne ke sa ƙarafan famfon su yi santsi. Ruwa cokali kaɗan ko ƙura ko wani gauraye, sun isa su cinye su. To wa bai san abin da ke cikin tankunan ƙasa na wasu gidajen mai da damina ba? Wa bai san lokacin da kananzir ke araha ana surka shi da gas ba? Wa bai ji labarin wanda ake dafawa a dazukan Neja Delta yana shigowa kasuwa ba? Ni kaina na taɓa shan mai a wani gida da ba zan kama suna ba, ban yi tafiyar rabin awa ba mota ta soma shessheƙa. Da aka kwance filta, ruwa ne ya fara zubowa kafin mai. Famfo da nozul huɗu suka tafi, albashin wata biyu ya bi su. Mai gidan man yana nan yana ciniki har gobe.

Ko wanda ba a surka ba ma, da sauran magana. A watan Satumba na 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizaland mai suna Public Eye ta fitar da rahoton da ya nuna yadda 'yan kasuwar mai ke haɗa wani dizal na musamman don Afirka, mai cike da sinadarin salfa, wato farar wuta. A Turai doka ba ta yarda ya wuce kashi 10 cikin miliyan ba. A Najeriya a lokacin kashi 3,000 aka yarda da shi. Ninki 300 ke nan. Salfan nan in ya ƙone yana haɗuwa da danshi ya zama asid, ya gangara cikin baƙin mai yana cin inji daga ciki, mu kuma da 'ya'yanmu mu shaƙi sauran. A Disambar shekarar Najeriya da Benin da Togo da Ghana da Kwaddibuwa suka yi alkawarin saukowa kashi 50. Kusan shekara takwas bayan haka, a Yulin 2024, sai ga matatar Ɗangote da shugaban hukumar NMDPRA na lokacin, Farouk Ahmed, suna cacar baki a bainar jama'a kan wane dizal ne ya fi wani datti, na gida ko na shigowa da shi. Ni ban damu da wanda ya yi nasara ba. Abin da na ɗauka shi ne, manya da kansu ba su yi ittifaƙi kan abin da ke cikin famfon gidan mai ba, balle ni da ke tsaye da dubu goma a hannu a Talatar Mafara.

Sannan kada a manta, mu masu dizal mun riga kowa ɗanɗana cire tallafi. Tun zamanin Obasanjo aka sakar wa kasuwa farashinsa. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, lita ta kai naira 800 lokacin da masu fetur ke sha ƙasa da 200. Farkon 2024 ta haura 1,500 kafin Ɗangote ya soma sayar da nasa a sami ɗan sauƙi. Tankin 406 lita 70 yake ci. Ko a naira 1,000 ka lissafa, cikon tanki ɗaya ya tashi 70,000, daidai da mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Mai sayar da mai ya samu 'yancin sa farashin da ya ga dama. Mai saye bai samu ko tabbacin cewa abin da aka ba shi mai ne ba.

Maganar kayan gyara ba sai na ja ta ba. Kafin Yunin 2023 dala na wajen naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta wuce 1,500. Ƙarfen da ke dala 100 ya tashi daga 46,000 zuwa 150,000 yana zaune a kan kanta bai motsa ba. Abin da ya fi tsadar ciwo shi ne ka biya kuɗin mai kyau a ba ka jabu. Filtar mai ta jabu kwalinta ya fi na gaske kyau, cikinta kuwa takarda ce da ba za ta tace kunu ba. Baƙin mai ana sake cika galan da wanda aka riga aka yi juye da shi. Tsohon ƙarfen Beljiyam da ake aiko maka daga Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo kuma sa'a ce, in ya yi ka gode Allah, in bai yi ba kuɗin mota da na waya sun bi ruwa. Aikin hukumar SON ne ta hana jabu shiga kasuwa. Ku gaya min ranar ƙarshe da kuka ga an duba kantin kayan mota ko ɗaya a yankin nan.

Kanikawanmu ina girmama su, da yawansu mutanen kirki ne masu basira, da sifana da kunne suke aikin da wasu sai da na'ura. Amma gaskiya ɗaya ce: a kan 504 da kafireto suka koyi aiki, yanzu kuma mota mai kwamfuta ake kawo musu. Sai a koma canke. A canza wannan, bai yi ba, a canza wancan, duk a aljihunka. In mota ta yi zafi a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa, maimakon a wanke lagireto. Injin dizal kuwa in bai kai zafin aikinsa ba mai yake ƙara sha, yana tara baƙi a ciki. Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Amma yaron da ba wanda ya koya wa, ba kuma wanda ya ba shi na'urar gwaji, da me zai yi? Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Mafara. Da gwamnati za ta sa mata benci ɗaya na gwada famfo da nozul, da kwas na wata uku ga kanikawan Mafara da Bakura da Maradun, da an daina ɗaukar famfo a buhu ana kai shi wata jiha ana jiran sati biyu.

Mu masu motocin ma akwai namu. Na san masu jan juye har sai baƙin mai ya koma kamar kwalta, alhali da irin manmu da ƙurar hunturunmu bai kamata a wuce kilomita 5,000 ba. Na san wanda ake buge masa filtar iska a jikin taya a mayar, shekara da shekaru. Na san masu cewa bel ɗin tayimin "ai bai tsinke ba tukun." Ranar da ya tsinke fistin zai daki bawul, abin da za a yi da kuɗi kaɗan ya koma sauke inji. Na fahimci dalili, wata ya yi nisa, ga kuɗin makaranta ga cefane. Sai dai araha ba ta ado, a kan hanyarmu kuma tana iya cin rai.

Nan ne gizo ke saƙa, kuma nan ne masu shawarar ba su duba. Wanda motarsa ta mutu a titin Kano, janwe zai kira ya yi tsaki ya hau Keke Napep. Wanda tasa ta mutu tsakanin Lambar Bakura da Tureta, ko a hanyar Maradun, ko wajen Mayanci bayan la'asar, da iyali a ciki, ba lissafin kuɗin famfo yake yi ba. Kowa a nan ya san gidan da aka sayar da gona da shanu aka biya kuɗin fansa. Ba wanda zai tsaya ya taimake ka, kuma ba za ka ga laifinsa ba, shi ma ta kansa yake. Ramukan da ke karya mana ƙafar mota su ne kuma ke tilasta direba ya rage gudu daidai inda bai kamata ya rage ba. Saboda haka mutumin da ya sayar min da gas mai ruwa bai cuce ni a aljihu kawai ba, ya ajiye ni ne a bakin daji ya tafi. A ganina hukuncinsa ya kamata ya yi daidai da wannan.

Kuma ba ni kaɗai ba ne. Man nan dai shi tarakta ke sha a gonakin Bakolori, shi injin casar shinkafa ke sha, shi manyan motocin da ke kwasar kaya ranar Talata ke sha, shi janaretan asibiti da na turakun waya ke sha. Duk nozul ɗin da ya lalace a can, a farashin tiyar shinkafa za ka biya shi, ko da keke ba ka da shi.

To mu dawo kan "ka sai da ta." Tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, hanyar Kwatano zuwa Kwanni da Maraɗi da ta ɗauke wa ƙaramin ma'aikaci nauyi ta toshe a hukumance. Ga kuɗin kwastan, ga dala. Tokumbo mai ɗan dama-dama yanzu miliyoyi ce, abin da za a ba ni a tawa ko rabi ba zai kai ba. In koma ta fetur? Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 wannan gatan ya ƙare, ƙarshen 2024 fetur ya haura 1,000, kuma a tafiya ɗaya motar fetur ta fi ta dizal shan lita da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. In koma iskar CNG da ake ta talla? Injin dizal ba ya juyuwa cikin sauƙi kamar na fetur, in ma ya juyu, a ina zan sha tsakanin Morai da Bakura? Tsohon doki sai mai shi. Na san kukanta, na san abin da na canza da ranar da na canza shi. Wadda za ku sa in saya, ciwon wani zan gada.

Ranku ya daɗe 'yan majalisarmu na Abuja, a 2023 jaridu sun ruwaito cewa motar kowane ɗayanku ta kai naira miliyan 160, sabuwa fil, ba za ta mutu muku a Tureta ba. Ba mu ce ku saya mana ba. Ku sa a riƙa ɗibar man gidajen mai na Mafara da Bakura da Maradun ana gwadawa duk wata, a liƙa sakamakon a jikin famfo inda mai saye zai karanta. Gidan da aka kama da ruwa a rufe shi, a faɗi sunansa a rediyo, ya biya wanda ya lalata wa inji. Takardar lafiyar mota da muke biya duk shekara ba tare da an ko buɗe bonet ba, a mayar da ita dubawa ta gaske, birki da taya da hayaƙi. Wanda ke ganin wannan ya yi yawa, ya je ya tambayi kuɗin nozul ɗaya, ya ninka sau huɗu, ya zo mu ajiye shi kusa da takardar albashin ma'aikaci mai mataki na 8.