Wa Ke Kashe Gobara?

Idan hunturu ya kama a ƙasar Rano da Kibiya, iska ta busar da jinka da darni da karan da aka jingine a bayan gida, to, gobara ta sami abinci. Sau da yawa kuwa da rana take tashi, daga murhu, ko daga tokar da aka zubar ba ta huce ba. A wannan lokaci ina maza? Suna kasuwa, ko suna fadama wajen noman rani. Mata ne a gida. Su ke fara ganin hayaƙi, su yi kururuwa, su jido ruwa daga randa, su fid da yara da tsofaffi, su kwance awaki. Kafin motar 'yan kwana-kwana ta iso ƙauye, an riga an tsirad da rumbu ko an rasa shi, kuma mata ne suka yi yaƙin.

Amma duk da haka, ran da yarinya ta ce tana son shiga aikin kashe gobara, sai mazauna ƙofar gida su bushe da dariya, wai ba aikin mata ba ne. Abin mamaki! An yarda mace ta tari wuta da ƙwarya, ba takalmi, ba lada, amma ba a yarda ta tare ta da mesa da horo da albashi ba.

Hujjarsu ita ce wai mace ba ta da ƙarfi. Matar da ke dakan dawa tun asuba, ta kuma ɗauko tulu daga rijiya da goyo a baya, ba ita za a yi wa gorin ƙarfi ba. A birnin New York na Amurka ana ba da labarin wata baiwa, Molly Williams, wadda ta ja keken famfon kashe wuta cikin dusar ƙanƙara a 1818. A Yaƙin Duniya na Biyu dubban matan Ingila sun yi aikin gobara, alhali jiragen Jamus suna ruwan bama-bamai. A 2017 kuma mace ce, Dany Cotton, aka naɗa shugabar 'yan kwana-kwanan Landan baki ɗaya.

Akwai wata magana wadda ta fi waɗannan kusa. Gidan kulle ba shiga ne. Namiji baƙo yakan yi turus a zaure ko da wuta na ci, matar gida kuwa takan koma ɗaki neman mayafi don kada a gan ta, hayaƙi ya rutsa da ita. Mace 'yar kwana-kwana ba ta da wannan shamaki. Kai tsaye za ta wuce, ta san inda ake kwantar da jariri, ta san ƙuryar da mai jego ke ciki. Watau mai kishin kulle shi ya fi kowa bukatarta.

Sa'an nan ga jahilci, wanda ya fi wutar ɓarna. Mace nawa aka taɓa gaya wa cewa idan man gyaɗa ya kama a kasko ba a watsa masa ruwa, sai dai a rufe shi da murfi? Nawa aka nuna wa yadda ake rufe tukunyar gas, ga ta kuwa ta fara shiga ƙauyuka? Wannan karatu ba zai shiga cikin gida ta bakin namiji ba. Ya kamata Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano ta ɗauki 'yan matan Rano da Kibiya ta hore su, hakimai da dagatai kuma su buɗe musu gidajen suna da na biki, su riƙa koyarwa tun kaka, kafin a tara kara.