Kafin Ka Yi Odar Tsirkiyar Jita Ta Waya, Tsaya Ka Karanta Wannan

Bara na sayi jita ta hannu a Kano, irin mai faɗin wuya da ake kiɗan filamenko da ita a kudancin Sifen. Tsirkiya biyu sun tsinke, sai na shiga intanet na yi odar mafi araha. Ta ƙarfe aka kawo mini. Na ɗaura, na yi ta murɗawa har manhajar saiti ta nuna kore. Ba a yi mako biyu ba katakon da ke riƙe tsirkiyoyin ya ɓamɓaro. Laifina ne, kuma ba na son ya same ku.

Ga dalili. Jitar filamenko an ƙera ta ne don tsirkiyar nailan. Da can ma da hanjin tumaki ake yin ta, sai a shekarun 1940 nailan ya maye gurbinsa. Shida na nailan suna jan katako da nauyin kusan kilo 40, na ƙarfe kuwa kan kai kilo 70. Manhaja ba ta san wannan ba. Amo kawai take ji.

Don haka idan za ka saya, duba abu uku. Na farko, ka tabbata nailan ce, ukun masu kauri kuma an naɗe su da siririyar wayar tagulla. Na biyu, ƙarfin ja: ɗan koyo ya fara da matsakaici, musamman a nan Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, inda hunturu ke busar da katako har ya tsage. Na uku, haƙuri. Sabuwar nailan takan yi kwanaki tana miƙewa, saiti yana zamewa. Ba jabu ba ce, halinta ke nan.

Amma babban abin da ke damuna ya wuce jita. Na fara ganin matasa suna kanga wa gurmi da garaya manhajoji irin su GuitarTuna, suna cewa kayan kakanninmu "ba su da saiti". A matsayina na mai rubuta manhaja, bari in faɗa muku abin da ke ciki. Waya tana auna yawan girgizar amo a daƙiƙa, sannan ta kwatanta da jadawalin da aka gina kan girgiza 440, ma'aunin kiɗan Turawa. Kore na nufin ka dace da wannan jadawali. Shi ke nan. Mai gurmi kuwa da muryarsa yake saita tsirkiya.

Marigayi Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya tal a kuntigi ya zaga duniya. Mai goge har yau izgar doki yake ja. Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Babu wanda ya jira kore a cikinsu.

Wani zai ce ai manhaja tana sauƙaƙa wa ɗan koyo. Gaskiya ne, ni ma ina amfani da ita. Sai dai mu juya aikinta. Ka je wurin tsohon makaɗin unguwarku, ka nemi izininsa, ka naɗi kiɗansa, ka rubuta lambobin da kowace tsirkiya ta nuna. Da irin waɗannan bayanai ne wata rana ɗan Jigawa zai rubuta manhajar saitin gurmi. Idan muka yi sanyin jiki, tsofaffin za su tafi da saitinsu a kunne.