Gidan Haya Ba Gidan Gado Ba Ne

Manhajar Audacity da muke yanke sauti da ita a gidan rediyo kyauta ce, kuma asalin rubutunta a buɗe yake: kowa na iya karantawa, ya gyara, ya rarraba. To amma ina aka ajiye rubutun? A GitHub, wanda Microsoft ya saya a 2018 kan dala biliyan 7.5. Wato ƴantacciyar manhaja tana zaman haya a gidan attajiri.

Idan na ta da zancen, sai masu rubuta manhaja su ce ai ba a biyan ko sisi, kuma can jama'a suke. Gaskiya ne. Haka ma aka taɓa faɗa a kan SourceForge, kafin ya rufe ƙofa ga Sudan, Iran, Siriya, Kuba da Koriya ta Arewa a 2010 saboda takunkumin Amurka. Ɗalibi a Kartum bai yi wa kowa laifi ba, adireshin intanet ɗinsa kaɗai ya ja masa. A 2015 kuma shafin ya cusa tallace-tallace cikin manhajar zane ta GIMP ba da yardar masu ita ba. Google Code shi ma an rufe shi a 2016. GitHub ɗin kansa ya taƙaita wa mutanen Iran da Siriya amfani a 2019, kuma a 2020 wasiƙar lauyoyin kamfanonin waƙa ta sa ya sauke youtube-dl, sai da aka yi ca a kansa ya mayar.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce Git: duk wanda ya kwafi aikin yana riƙe da tarihinsa gaba ɗaya. Haka ne, amma tarihin rubutun kawai. Rahoton kurakurai fa? Muhawarar da ta sa aka zaɓi wannan hanya aka bar waccan fa? Waɗannan a ɗakin mai gida suke, ranar da ya sa kwaɗo shi ke nan.

Ban ce kowa ya kafa na'urarsa ba. Inda wuta ke ɗaukewa kullum, wannan ɗora wa kai dutse ne. Amma ga Codeberg, na wata ƙungiya mai zaman kanta a Balin, ba ta neman riba. Ajiye kwafi na biyu a can bai wuce aikin yamma ɗaya ba. Rahoton kurakuran kuwa a riƙa sauke shi duk wata, tun ƙofa tana buɗe.